Bishiyar Kwanuka

Ranar da Asma'u ta dawo daga biki a Mainika ranta a ɓace, ta ce wata tsohuwa ta nuna ta da baki ta ce, "Ai 'yar mai kwanon gunki ce," na san shirun da na yi shekara da shekaru bai binne maganar nan ba. Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ta gutsi-gutsi, wani ya ƙara gishiri, wani ya rage. To ga ta daga bakin wadda ta aikata. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare da abin da na tsinta a islamiyyar matan aure ba. In kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, maganar dai ba ta karkace ba.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a abin ya faru. Muna zaune a Sabon Birni, gidan kakarku Inna Tabawa, babanku Sale yana ɗinki a rumfa bakin kasuwa. Rayuwa ta yi tsanani. Kananzir ya zama sai mai hali, taki sai labari, tsofaffi suna cewa tun zamanin ostariti da aka tsuke bakin aljihu ba wanda ya sake kwance shi. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya tilo da muke da shi a kan hanyar kasuwa ya mutu, aka kwance kansa aka ce za a kai gyara, shi ke nan. Da bazara ta shanye rijiyoyi sai aka koma kududdufi, inda shanu suke sha.

Kafin Asma'u akwai wani. Kun sani, amma ba daga bakina kuka ji ba. Shekararsa biyu da 'yan watanni, amai da gudawa suka ɗauke shi cikin kwana biyu. Ɗan fari ne, kun kuwa san yadda aka rene mu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita take fara ɗaga shi ba. Da ya rasu mata suka cika gida suna cewa, "Kulu akwai kunya, ko ƙwalla ba ta yi ba." Inna ta ji daɗin wannan yabo, har ta riƙa maimaita shi. Ni kuwa tun daga ranar tsoro ya shige ni bai fita ba. Asma'u tana wata biyar a bayana, ko barcin rana take yi sai na kai yatsa hancinta na ji tana numfashi. Duk ruwan da zai shiga bakinta ko nawa sai na tafasa. Inna takan leƙo madafa ta ce, "Ke Kulu, itacen nan ba daga sama yake faɗowa ba. Mu da muka sha kududdufi ga mu nan da furfura." Abin da ya rage mini nasa ɗaya ne, wani ɗan kwanon sha fari mai shuɗin baki, wanda yake shan kunu a ciki. Na tura shi can ƙasan jere, bayan manyan kwanuka, inda ba mai gani.

Ana cikin haka Malama Zulai ta zo. Mahaifinta ɗan garinmu ne amma a Kano ta tashi, ta yi karatun zane da ƙira a Zariya. Siririya ce mai tabarau, da dogon hijabi da buhu a hannu, tana shiga gida-gida tunda mace ce ba a hana ta. Ta yi sallama, aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka tambayi mutan Kano da gajiyar hanya. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tana so duk uwar da ruwan nan ya ci mata ɗa ta ba ta kwano ɗaya da yaron yake ci a ciki. Za ta haɗa su da mai walda a yi bishiya ta ƙarfe, a kafa ta a gefen mataccen famfo, duk wani babba da ya wuce a mota ya gani.

"Na rubuta takarda har na gaji, Inna," in ji ta. "Takarda a durowa ake sa ta. Wannan kuwa ba durowar da za ta ɗauke shi. Kuma ba suna, ba sunan gida. Kwano kawai."

Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"'Yar nan, kina da aure?"

"Da saura, Inna."

"Na ga alama. To mu a gidan nan ba ma kai ƙarar Allah. Wanda Ya bayar Shi Ya karɓa. Kulu, raka baƙuwa."

Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko mayafi. Har yau ban san lokacin da hannuna ya shiga ƙasan jere ba. A zaure na zaro kwanon daga cikin zani na jefa a buhunta, na ji ya bugi 'yan'uwansa, ƙarar ta ce mini ba ni kaɗai ba ce. Ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai na koma ciki da sauri.

Bayan kamar mako uku ranar rigakafin Asma'u ta zo, muka fita ni da Inna za mu asibiti. Tun daga nesa na ga mutane sun yi cincirindo a wajen famfo, da wani abu yana walƙiya a samansu. Da muka matso sai na ga bishiyar ce. Gangar jikinta tsofaffin bututun famfo ne aka haɗe, rassanta rodi, tsayinta ya fi katangar gidanmu. A kan kowane reshe kwanuka ne, ƙanana ƙanana, farare da shuɗɗa da masu fure, wasu fentinsu ya ɓantare. Ba na manya ko ɗaya. Na fara ƙirgawa na rikice, na sake farawa na sake rikicewa. Ashe haka muke da yawa? Muna haɗuwa a suna da biki, muna dariya, muna tambayar juna kuɗin atamfa, kowace da nata a ƙasan jere. Iska ta taso ta kaɗa rassan, kwanukan suka riƙa gogar ƙarfe, ƙarar sak ta yara suna kankare ƙanzo da cokali. Wata mata a gabana ta toshe kunnuwanta.

Sai na lura da abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Malama Zulai kife kwanukan ta yi. Daga baya na ji dalilinta, wai mai kwanon ya gama ci, ba zai ƙara ba. Amma kife kwano shi ne juya gindinsa ga jama'a, a gindin kwano kuwa alamarmu take. Ku da kuka taso da kulolin abinci da roba ba ku san wannan ba. A lokacinmu kowace mace tana da alamar da take yi wa kwanukanta da fenti, don in an kai abinci gidan biki ko gidan rasuwa a san inda za a mayar. Wata zobe, wata layi biyu, wata ƙafar kaza. Mace takan manta sunan yanka na maƙwabciyarta amma ba ta manta alamarta. Tawa ɗigo uku ce ja da layi a ƙasa, irin ta mahaifiyata. Matan da suke tsaye a wajen karatu suke yi kamar an ba su allo.

"Wancan mai koren zobe ba na gidan mai nama ba ne?"

"Shi ne. La ilaha illallahu, har biyu!"

"Ashe ita ma Talatu ta bayar, ga ƙafar kazarta can."

Nawa yana reshe na ƙasa, daidai fuskar mutum. Inna ta tsaya a gabansa. Ban ga fuskarta ba, bayanta nake kallo, na ga dai kafaɗarta ta ɗaga ta tsaya a haka. Ta juya ta ce, "Mu je, rana tana yi." Aka yi wa Asma'u allura, ta tsala ihu, ni ban ma ji ba. Muka dawo gida. Sai da na sauke goyo sannan Inna ta kira ni tsakar gida.

"Kwanon wa na gani a titi?"

"Inna, kwanon nan ya daɗe da ɓata. Tun sunan gidan Liman ban sake ganinsa ba."

"Ki dube ni."

"Wallahi Inna ba ni na ba ta ba."

Ga shi na rubuta. Na rantse da Allah a kan ƙarya, a tsakar gida, da rana tsaka, a shekarar da kowa yake maganar gyara tsakaninsa da Ubangiji. Kalmar tana fita na ji kamar na haɗiyi garwashi. Inna ta ce tunda na rantse shi ke nan, wata ce ta tsinta ta bayar don ta tozarta gidanmu, kuma Allah Ya isa. Ta yi ta Allah Ya isa har la'asar, ni ina daka ina jin kowace ɗaya tana sauka a kaina.

Gari ya rabu biyu. Babanku ne yake kawo mana labari daga rumfa. Wasu samari masu zafin wa'azi suka ce gunki ne, an kafa shi a garin Musulmi a daidai lokacin da ake tsarkake ƙasa. Aka ɗauko tsohon limaminmu, ya zo da sandarsa ya kewaye ta sau biyu, ya ce, "Ba ido, ba baki, ba surar mai rai. Ku nuna mini gunkin." Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Allah gafarta Malam, mata suna tsayawa a gabanta suna kuka. Yau kuka ne, gobe shafawa, jibi roƙo." Liman ma ya san maganar ba ta wofi ba ce. Amma babanku ya ce da Inna, ina ji daga madafa, "Ba gunkin ne ya dami yawancinsu ba. Kowa ya ga gindin kwanon gidansa a titi, ya gane matarsa ta yi abu bai sani ba." An yi faɗa a gidaje da yawa a makon nan. Ta kan katanga muka ji an saki mace ɗaya.

Malama Zulai ta biyo gidaje tana ba da haƙuri. Inna ta tare ta a zaure, ni ina laɓe a bayan ƙyaure.

"Inna, wallahi ban san alamar nan suna ce ba. Na ɗauka ado ne. Mu a gida a kula ake kai abinci. Gobe zan sayo fenti in shafe su duka."

"Kin yi karatu har Zariya ba a koya miki gindin kwano ba? Shafe me? Wanda ya gani ya riga ya gani. Ki je ki shafe idon mutane."

Na ji Malama Zulai tana cewa ita ruwa kawai take so a gyara. Na tausaya mata, amma ban fito ba. Ba ta ma samu ta shafa fentin ba. Ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci samarin suka zo da zarto suka yanke bishiyar daga gindi. Aka ɓamɓare kwanukan aka zube su a ƙofar gidan mai unguwa. Mai shela ya zaga yana cewa duk mai kwano ta zo ko ta aiko a ɗauka, in ranar kasuwa ta zo ba a ɗauka ba za a ba 'yan gwangwan.

Kwana uku ne tsakani. Rana ta farko ba wadda ta je. Ta biyu ma haka. Wa za ta je? Zuwa ɗauka shi ne amsa laifi a gaban maza. Ni kuwa tawa ta fi ta kowa, don na riga na rantse. Amma na san abin da 'yan gwangwan suke yi. Taka kwano suke da ƙafa ya lotse, su cusa a buhu da matattun fitilu da gwangwanin madara, su rataya a sikeli. Duk abin da na taɓa a kwanakin nan sai ya suɓuce. Na ƙona miya, na zuba gishiri a kunu. Bakin kwanon nan akwai inda ya ɗan lotsa, inda yake cizawa lokacin da haƙoransa suke fitowa. Shi nake ta gani.

Da safiyar ranar kasuwa babanku yana ɗaure kan kekensa na ɗinki a bayan keke, na durƙusa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Malam, ni na bayar."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da jan igiya.

"Na sani. Tun ranar na duba ƙasan jere."

"Ina so in je in ɗauko."

"Kin san abin da Inna za ta yi."

"Na sani."

Ya ƙulle igiyar, ya gwada ta, ya sake ƙullewa ba tare da bukata ba. "Ban ce ki je ba, Kulu. Ban kuma hana ki ba." Ya tura kekensa ya fita. Na daɗe ina jin haushin wannan amsa. Yanzu da na tsufa na gane iyakar abin da yake da shi ke nan ya ba ni.

Da hantsi na goya Asma'u na ja mayafi na fita, Inna tana banɗaki. Ƙofar mai unguwa cike take da maza a kan benci da tabarmi, ga mai gwangwan ya riga ya iso da buhunansa yana jira. Kwanukan suna tsibi a gefen kwata, kaji suna hawa. Da aka ga mace ta nufo wajen sai hira ta mutu. Na durƙusa na gaishe su, ban san me na ce ba. Na juya na fara tonon tsibin da hannu. Kowane na ɗaga na san mai shi. Mai unguwa, dattijo ne mai sanyin hali, ya ce,

"Yarinya, na wa kike nema? Ko an aiko ki ne?"

Hanya ya ba ni. Da na ce an aiko ni, da an wuce wajen. Sai na ji bakina ya ce,

"Ba a aiko ni ba, Baba. Na Usmanu nake nema. Ɗana ne."

Tun ranar da aka raɗa masa sunan nan ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Ni kaina sai da na razana da jin sa a muryata. Wani a kan benci ya ce, "Subhanallahi, ɗan fari fa!" Wani ya ce, "Surukar Tabawa ce." Na same shi can ƙasa, an huda tsakiyarsa inda aka ɗaure shi da ƙarfe, gefen hudar ya ƙone baƙi. Na riƙe shi a fili, ban sa a zani ba, na bi ta tsakiyar 'yan kasuwa na koma gida. An ce bayana mata biyu sun aika an ɗauko musu. Sauran duk sikeli suka hau.

Labari ya riga ni isa. Inna tana tsaye a tsakar gida. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Kin kira sunansa a gaban maza."

"Na kira, Inna."

"Kin sa na yi wa baiwar Allah Allah Ya isa, alhali ke ce. Kin rantse mini." Ta juya wajen ɗakinta. "In Sale ya dawo ki gaya masa, ko ke ko ni a gidan nan."

Washegari babanku ya sa mu a mota zuwa Dugabau, gidanmu. Bai sake ni ba, ya ce in zauna har Inna ta huce. Damina guda na yi a can. Mahaifina malamin allo ne, na zaci maganar gunki zai yi mini. Ko kallon kwanon bai yi ba. Ya ce in faɗa masa kalmar da na yi amfani da ita, na faɗa. Na ce zan yi azumin kaffara. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba irin wadda ake fansa da azumi ba ce. Wanda ya rantse a kan abin da ya san ƙarya ne, ba shi da kaffara, sai tuba. Ki yi ta yi, ba ki san ranar da za a karɓa ba." Wannan ya fi korar da aka yi mini nauyi. Har yau ina yi.

Da aka fara yankan gero sai ga Inna da kanta, ita kaɗai, ta sha hanya a bayan akori-kura. Ba a taɓa jin uwar miji ta zo biko da ƙafarta ba, gidanmu duk aka rikice, aka rasa tabarmar da za a shimfiɗa. Bayan sun gama gaisawa da iyayena ta ce a bar ta da ni. Ta karɓi Asma'u ta juya ta, ta ce ta rame, ba a ba ta ta ƙoshi. Ta yi ƙorafin ƙurar hanya da tsadar mota. Sannan ta ce,

"Ina abin?"

Na ɗauko mata. Ta juya shi, ta sa ɗan yatsa a hudar, ta shafa lotsin bakin.

"Nan yake cizawa," in ji ta. "Ni nake ba shi kunun ai, ke kina can kina kunya."

Na sunkuyar da kai.

"Ban yafe rantsuwar ba, kada ki ɗauka na yafe. Abin da kika yi a ƙofar mai unguwa kuma rashin ta-ido ne, ko gobe haka zan ce." Ta ajiye kwanon a cinyarta ta rufe shi da tafin hannu. "Nawa huɗu ne kafin Sale. Ko cokali ban ajiye ba. An ce mini kunya ce, na zubar da komai. Yanzu ta biyun, ina zama in yi ta neman fuskarta, ba na samu."

Ban taɓa jin babanku yana da yayye ba. Shi ma, da na tambaye shi daga baya, biyu ya sani. Na ɗago ina kallonta baki buɗe, na rasa ko gaisuwar rasuwa zan yi mata, ta shekara arba'in. Ba ta ba ni dama ba. Ta miƙo mini kwanon, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Rufe bakin nan kada ƙuda ya shiga. Ki sa shi a cikin kaya, ba a hannu ba. Tashi ki goya yarinya, mai mota ba ɗan'uwanki ba ne."